Ragowar Akushin Baffa

Daga Allah muka fito, wurinSa muka dosa. Baffa ya riga mu isa.

Ranar da aka kai shi makwanci ina cikin gida wajen mata, amma katangar da ta raba tsakar gidanmu da zaure gajera ce, duk abin da maza suka faɗa a kunnenmu yake sauka. Abokan nomansa na Damri sun zo, masu awon shinkafa na kasuwar Talata Mafara sun zo, rabin garinmu Bakura na zaune a ƙofar gida. Danginmu na Janbako ne kaɗan suka iya fitowa, don hanyar tasu yanzu sai mutum ya yi sallama da iyalinsa yake bin ta. Na zaci zan ji ana ta yabon haƙurinsa, ko sahun farko da ba ya wuce shi a masallaci. An taɓa waɗannan sama-sama. Amma da zarar an shafa fatiha, sai zance ya koma wuri guda, wato cin abincinsa.

Wani dattijo da suka yi iyakar gona tun suna samari ya ce, “Shekara da shekaru ina tare da mutumen ga, gona guda, kasuwa guda, ban taɓa ganin loma ta shiga bakinai ba.” Zauren ya ɗauki kabbara. A wajenmu mata kuma wata aminiyar Inna, matar Baffa, ta share hawaye ta ce ai a shekarun ƙarshe akushinsa kusan a cike yake dawowa, ya bar wa duniya abincinta tun kafin ya bar ta. Mata suka yi ta kaɗa kai suna cewa wannan alamar mutanen kirki ce. Ni ina durƙushe ina dama fura don baƙi, na ji kamar in yi jifa da ludayin. Na ci gaba da damawa, gidan makoki ba wurin gardama ba ne. Amma abin da suke yabo ɗin shi ne ya ɓoye mana ciwon da ya kashe shi, kuma haushin wannan bai bar ni ba har yau.

Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifina ya rasu a haɗarin mota ina ƙarama, Baffa ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Da na girma ya aura mini babban ɗansa, wanda nake kira Yaya. Ka ga ke nan ni 'yarsa ce, ni surukarsa ce, kuma a bakinsa ni uwarsa ce. A duk matsayin nan uku ban taɓa ganin yana tauna abu ba.

Gidanmu Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya. Fillancin ya tafi, shanun sun tafi, kunyar ce ta zauna daram. Babba ba ya ci a gaban yaro, ba ya ci a gaban suruki, ba ya ci a kasuwa. Baffa kuma ya ƙara wa abin gishiri. Ko goro aka miƙa masa a wurin ɗaurin aure, aljihu yake sakawa. Akwai baƙin akushi da ya gada, a ciki ake tuƙa masa tuwo a rufe da faifai a kai zaure. Sai ya saki labulen ƙofa ya ci shi kaɗai. In ya gama ya ɗaga labule, ya ƙwanƙwasa gefen akushin da yatsa, ya faɗi maganar da duk wanda ya tashi a gidan nan ya haddace: “Na ƙoshi. A kai ma mutanena.”

Mutanensa mu ne, yaran gida. Ragowar babba albarka ce, kuma babban da ya suɗe kwano tas ya ji kunya. Da mun ji ƙwanƙwasar nan sai mu zubar da duk abin da ke hannunmu mu kewaye akushi. A wancan lokacin ragowar ba ta da yawa, 'yar malmala ce da gefen miya, kowa loma biyu ya tashi. Sai dai ni na lura da wani abu. Kullum ta ɓangaren da faifan ya ɗan goce, in na cusa hannu ƙarƙashin tuwo sai in ji tsokar nama a binne. Na ɗauka sa'a ce. Sai da na yi wayo na gane shi yake binne ta, kuma shi yake cewa Uwata ce za ta ɗauko akushi, don in riga kowa sanin inda zan zauna. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba, don da na yi da na kunyata shi.

Ba mutum ne mai sanyi ba, kada a yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da kafiya irin wadda in ya ce a'a, gara ka je ka roƙi kututture. Da dangi suka taso a kan a cire ni daga makaranta tunda ni marainiya ce, ya ce wanda ya kawo ta gidan nan shi ne zai faɗi ranar da za ta daina, ya ci gaba da gyaran igiyar da ke hannunsa. Da haka na zama malamar makaranta. Kuma da kafiyar nan ya ƙi taka asibiti kusan duk rayuwarsa, yana cewa wuri ne da ake tuɓe wa mutum riga a gaban 'yar cikinsa. Yana da tsokana kuma. In na gaishe shi da safe sai ya ce, “Uwata, an tashi lahiya? Yau ɗanki ya yi wanka, kada ki buge shi.”

Da gwiwoyin Inna suka hana ta durƙuso a murhu, girkin Baffa ya dawo hannuna. Ni ke tuƙawa, ni ke kwashewa, ni ke wanke akushi. Shi ya sa na riga kowa gani. Da farko malmalar da ke dawowa ce ta ɗan ƙara girma. Bayan wani lokaci sai rabin tuwon ya riƙa dawowa. Na ce ko miyar kukar ce ta gundure shi, na koma kuɓewa. Na bar dawa na koma tuwon shinkafa mai laushi. Na yi masa hoce, gasasshiyar wainar dawa da yake so tun yana yaro. Duk ɗaya. Yarana kuwa sallah ta zo musu, kullum suna tashi daga akushin kakansu da ciki tim, suna cewa Baffa ya fi kowa kirki a duniya.

Na yi wa Inna magana, ta ce tsufa ne, kuma ga azumin Litinin da Alhamis da ya ƙara. Na yi wa Yaya magana, ya ce shi ɗa ne, da wane baki zai tambayi ubansa abin da ya ci? Babbar riga kuma ba ta tona asirin rama. Mutumin da ba ya ci a gaban kowa, ba ya tuɓe riga a gaban kowa, ba ya cewa wash a gaban kowa, ta ina za a gane yana ƙarewa?

Rannan bayan azahar na yi abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Na kai akushi zaure da kaina, na ajiye, maimakon in fita sai na durƙusa a bakin ƙofa daga ciki. Muka gaisa, ya tambayi makaranta, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, gaisuwa ta ƙare ban tashi ba.

“Uwata, akwai magana?”

“Babu, Baffa. So nike in ga ka ci.”

Ya dube ni kamar bai san ni ba. “Mi kinka ce? Sarakuwa ta zamna tana ƙirga ma surukinta loma, a gidan ga?” Ya gyara faifan a kan akushin, ya tura shi gefe, ya ce in tashi in tafi.

Kwanaki akushina na dawowa ba a ko buɗe shi ba, ya koma aikawa a sayo masa fura a maƙwabta. Inna ta wanke ni tas, ta ce boko ya cinye mini kunya. Yaya ya sa na je na ba da haƙuri. Baffa ya yi dariya ya ce ya yafe, uwa ai ba ta laifi, amma in ina son in san ko ya ci, in tambayi akushi. Na ce ai akushin ne ya gaya mini. Dariyar ta tsaya, ya sa hannu ya ɗauki carbinsa.

Daga baya muka gane ya daɗe yana fama a ɓoye. Loma uku ke cika shi, ya ji kamar ya ci kwano guda. Yana jiƙa kanwa yana sha, yana aikawa kyamis a sayo masa maganin gyambon ciki. Sai ranar wata Talata da jiri ya kayar da shi a kasuwar Mafara a gaban jama'a, aka kwaso shi, sannan kunyar faɗuwa ta fi kunyar asibiti, ya yarda Yaya ya kai shi Sakkwato. A can aka zura masa wata na'ura mai ido ta maƙogwaro aka leƙa cikinsa. Ba a ga ƙari ba, ba a ga wani gyambon kirki ba. Ya dawo yana mini tsiya, wai likitoci da na'urarsu sun leƙa sun ga ba komai, saura malamar makaranta. Wallahi ranar na yi murna da aka ƙaryata ni.

Bayan girbin shinkafa cikinsa ya fara kumbura, hannuwa na tsotsewa. Wannan karon da ni aka koma Sakkwato. Aka sake leƙawa, aka gutsuro nama daga wurare da yawa, aka zuƙi ruwan da ya taru a cikin. Da sakamako ya fito, wata likita mai magana a hankali ta zaunar da mu uku, ni da Yaya da Baffa. Ta ce ciwon daji ne na tumbi, kuma ya riga ya bazu. Na tambaye ta yadda aka yi aka duba a baya ba a gani ba.

Ta sarƙe yatsun hannayenta biyu ta nuna mana. Ta ce fatar da ta shimfiɗe cikin tumbi an gina ta ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma kowace na riƙe da maƙwabciyarta da wani sinadari da jiki ke yi, mai aiki kamar danƙo. Muddin danƙon na nan, kowace ƙwaya na zaune a inda aka ajiye ta. Shi ya sa wani ciwon dajin yake tashi a dunƙule, ya yi ƙari a wuri ɗaya, ido ya gan shi, wuƙa ta iya yanke shi. Sai ta saki yatsunta. Ta ce a irin na Baffa jikin ne ya daina yin danƙon, ƙwayoyin da suka lalace suka saki juna, kowace ta kama gabanta. Ba sa taruwa balle a gan su. Ɗaya bayan ɗaya suke nutsawa ƙarƙashin fatar, su bi bangon tumbin su mamaye shi, daga sama kuma fatar na nan sumul. Ni mai girki na fahimce ta sarai: tuwo kana iya ɗauke shi da hannu ɗaya, amma shinkafar da ta yi warara in ta zube a yashi ba mai tsince ta.

Ta ce a hankali bangon tumbin ke yin kauri ya sandare kamar busasshiyar salka, ya daina buɗewa ya karɓi abinci. Shi ya sa loma kaɗan ke cika mai ciwon. Kuma da yake ƙwayoyin ba a ɗaure suke ba, ba wuya su huda bango su faɗa cikin kogon ciki, su bi hanyoyin jiki su sauka a wasu wurare. Ruwan da ya kumbura Baffa daga nan ya fito. Babu abin da za a yanka, sai dai a rage masa zafi.

Na zaci an gama, ashe mafi munin na gaba. Ta tambaya ko a dangi akwai wanda ya yi irin wannan ciwo. Yaya ya dubi ƙasa. Ni kuwa na tuna Gwaggo, ƙanwar su Baffa da aka aurar a Janbako, wadda ta rame ta ƙare tana da goyo, aka ce sammu ne. Na tuna kakarmu da na ci sunanta, wadda ban sani ba sai a labari, kuma labarin da ake ba mu shi ne mace ce mai kamun kai, a ƙarshen rayuwarta ba ta shan komai sai ruwan kunu. Baffa da kansa ya faɗi sunayensu.

Likitar ta ce a wasu gidaje ana gadon wannan rauni na danƙon. Ba ta ce tabbas haka ne a namu ba, amma mutum uku a jini ɗaya ba abin da za a kawar da kai ba ne. In uba na ɗauke da shi, kowane ɗa yana tsakanin ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Ba duk wanda ya ɗauka ne ciwon ke kamawa ba, amma da yawa yana kama su, wasu tun da ƙuruciya. Da ta ji ni da Yaya 'ya'yan wa da ƙane ne, sai ta ce to ni ma ina ciki, tunda mahaifina bai rayu an ga abin da ya ɗauka ba. Yaranmu ƙofa biyu gare su, ta wajena da ta wajen Yaya.

Baffa bai tambayi kwana nawa ya rage masa ba. Abu ɗaya ya tambaya. “Likita, ɗiyana hwa? Na ba su, ko ban ba su ba?”

Ta ce ba a sani sai an gwada jini, gwajin kuma ba a yin sa a nan, sai an aika nesa, da tsadar da ta fi ƙarfin irinmu. In ma an gwada an samu, leƙen ciki na iya wuce shi kamar yadda ya wuce na Baffa. Abin da ya fi tabbas shi ne a cire tumbin gaba ɗaya tun mutum na da lafiyarsa. Baffa ya maimaita maganar a hankali, a cire ma mutum ciki yana lafiya lau, sannan ya nemi a miƙo masa hularsa.

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Uwata, na haɗa ki da Yayanki don kada ki ci tuwon gidan wani. Ban san abin da ni ka haɗawa ba.” Na ce Baffa ba kai ka yi ba, Allah ne. Ya ce ya sani. Daga nan bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Ubangijinsa.

A watanninsa na ƙarshe ko ruwan koko ba ya zama a cikinsa. Duk da haka ya hana a daina kai akushi. Kullum in tuƙa, in rufe, a kai masa, ya sa a saki labule. Can sai mu ji ƙwanƙwasa, da ƙyar take fitowa. In akushin ya dawo sai in ga gurbin yatsa ɗaya a gefen tuwo, don kada a ce bai taɓa ba, ragowar ta rasa albarka. Naman kuma na binne a ƙasa. Hannun da ba ya iya ɗaga buta ne yake wannan aikin. Nakan shiga ɗaki in rufe ƙofa kafin yara su gama ci.

Wannan shi ne mutumin da aka taru ana yabon ƙarancin cinsa. Ba na cewa masu yabon sun yi ƙarya. Mai kunya ne, mai kamewa ne, kuma ko kafin ciwo bai taɓa cika cikinsa yaro na kallon ƙofa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda zai iya nuna mini ranar da halinsa ya ƙare ciwon ya karɓa. Ni da na wanke akushin shekara da shekaru ban san ranar ba.

Bayan sadakar arba'in dangi suka zauna, aka ce Yaya ne babba, zaure ya zama nasa. Inna da hannunta ta ɗauko baƙin akushin ta miƙa mini ta ce daga yau a ciki za a zuba wa maigida. Na so in ce a bar shi a rataye, ban iya ba. Dā Yaya tare da ƙannensa yake ci a kwano ɗaya, har a yi ta yi masa tsiyar yawan loma. Yanzu shi kaɗai yake ci a bayan labule, don haka babba ke yi.

Na yi masa maganar gwajin, ya ce da me? Na ce a sayar da gonar Damri. Ya ce to a sayar, a gwada shi, a gwada ni, a gwada yara da me, kuma in an samu wa zai fara miƙa cikinsa a cire? Na ce aƙalla ya bari in zauna in ga yana ci. Ya ce in tuna abin da ya faru da na gwada haka da Baffa. Ya faɗa da murmushi, amma ya saki labulen.

Tun daga lokacin akushin ke dawowa da ragowa. Dole ya dawo da ita, babba ba ya suɗe kwano. Sai dai ni na san yawan abin da na zuba. Makonnin farko malmala ce ƙarama. Yanzu ta ɗan fi haka. Wataƙila kewar ubansa ce, wataƙila kwaikwayon halinsa yake, wataƙila zafin bana ne. Kullum ina jera wa kaina waɗannan dalilai, kuma na san su ne dalilan da Inna ta jera mini. Ni kaina in na ci loma biyar na ji na ƙoshi, sai in tsaya da hannu a kwano ina sauraren cikina.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa, Ya ciyar da shi daga abincin da ba ya ƙarewa, a inda ba labule. Ya jiƙan Gwaggo da uwar da na ci sunanta. Mu da muka rage, ban san abin da zan roƙa mana ba bayan sauƙi.

Jiya bayan azahar na ji ƙwanƙwasa daga zaure, na ji muryar Yaya, wadda ta fara kama da ta ubansa: “Na ƙoshi. A kai ma mutanena.” Yara suka kwasa da gudu. Autata ce ta ɗauko akushin, da ƙyar take riƙe shi don nauyi. Suka kewaye shi, ta cusa hannu ƙarƙashin tuwo ta zaro tsoka, ta ɗaga tana nuna mini tana dariya. Ta ce, “Mama, duba, yau Baba ya bar muna da yawa.”

Na duba. Ya fi rabi.